Takardar asiransin babur: haƙƙin wa take karewa?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya haramta jinin bayinsa da dukiyoyinsu a tsakaninsu, ya kuma sanya kiyaye rai cikin manyan manufofin shari'a. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda sunka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, dalilin wannan magana shi ne wani saurayi daga cikin masu salla a bayana, ɗan kabu-kabu, mai mata da ƴaƴa biyu. Wata rana da almuru akuya ta gitta mashi, ya kauce mata, sai ya kwashe wani dattijo mai tafiya a gefen hanya. Dattijon ya karye a hannu. Shi saurayin ya karye a cinya, kaskensa ya tsage biyu, gaban babur ya lanƙwashe. Da ya samu sauƙi sai ya dogara sanda ya tafi ofishin asiransi da takardarsa, wadda kwananta bai ƙare ba. Anka karɓi maganar dattijon anka buɗe mashi takardu, shi kuwa anka ce mashi ba ya da ko dala. Ya iso ni bayan sallar asuba idanunsa jajir, ya ce: «Malam, shekara uku ina biya, ranar da na faɗi sun ce ba su san ni ba. Wannan ba zalunci ba ne?»

Na karɓi takardar. Faransancina na madarasa ne, ba ya kai ni nisa cikin irin wannan ƙaramin rubutu, saboda haka na kai ta ga wani dattijon unguwa wanda ya yi aikin har ya huta, munka zauna munka bi ta layi-layi. Abin da munka tarar ya yi mani nauyin faɗi ga mai karaya, amma gaskiya ce: a wannan karon ba a cuce shi ba. Ya sayi abu ne shekara uku bai san abin da yake saye ba. Kuma na tabbata cikin masu karanta wannan takarda, da masu saurare ana karanta masu, mafi yawa haka suke. An ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, yana hana wanda bai san hukuncin ciniki ba ya zauna kasuwar Musulmi. Mu kuwa muna ƙulla yarjejeniya a kan jini, muna naɗe ta mu tura ƙarƙashin sirdi, ba mu sake tuna ta sai jandarma ya ɗaga hannu.

To ga abin da takardar take. Asiransi, wadda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira inshora, Larabawa kuma ta'amini, ba doka ce ta Nijar kaɗai ba. A shekarar 1992, a birnin Yawunde, ƙasarmu da sauran ƙasashe masu kashe kuɗin sefa sunka sa hannu ga yarjejeniyar da ake kira CIMA, kuma kundin dokokinta ya fara aiki a 1995. Kundin ya wajabta ma duk mai abin hawa mai inji, mota ko babur, ya mallaki asiransi iri ɗaya tak: wadda za ta biya ɓarnar da abin hawansa ya yi ma wani. Wani, ba shi ba. Mai tafiya a ƙasa yana ciki. Wanda ka goya a baya yana ciki, ko da matarka ce ko ɗanka. Motar wani da ka fasa ma fitila, da tiren mai talla da ka watsar, suna ciki. Wanda ke riƙe da kan babur kuwa, doka ta fitar da shi a sarari. Haka nan babur ɗin kansa ba ya ciki.

Wanda ya yi karatun Risala zai ji wannan magana ba baƙuwa ba ce. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya bayyana a babin jini cewa mai korar dabba, da mai janta, da mahayinta, su ne ke da lamunin abin da ta taka. Idan haka ne ga doki da jaki, waɗanda ke da rai da nasu son zuciya, ina ga ƙarfe wanda ba ya motsi sai ka murɗa shi? Mahayin babur shi ke ɗauke da duk abin da babur ɗinsa ya taka, da takarda ko ba takarda. Idan rai ya fita, to kisan kuskure ne, kuma aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta ɗora abu biyu: diyya da za a miƙa ga iyalan mamaci, da kaffara. Diyyar a mazhabarmu ta Imamu Malik raƙuma 100 ce ga ma'abuta raƙuma, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Dinari 1,000 ya haura kilo 4 na zinariya. Ku gaya mani, wane ɗan kabu-kabu ne a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa zai iya fitar da wannan?

Shari'a ta san ba zai iya ba, shi ya sa ba ta bar shi shi kaɗai ba. Ta ɗora diyyar kuskure a kan aƙila, wato danginsa maza na wajen uba, su raba ta a tsakaninsu su biya cikin shekara uku, matuƙar ta kai sulusin cikakkiyar diyya. Abin da ya kasa sulusi yana cikin dukiyarsa. Malamanmu ma sun ce idan mutum yana cikin diwani, wato rajistar rundunar da ke karɓar albashi tare, to da su ake farawa. Hikimar a fili take: kada jinin Musulmi ya tafi a banza, kada kuma kuskuren minti ɗaya ya mayar da mutum mabaraci har mutuwa. Amma ina aƙilar take yau? Yaro ya baro ƙauye ya zo birni, babur ɗin ma na wani ne yana kai balas kullum, baffanninsa kowa na fama da hatsin bana. In ya buge mutum, mutane biyu ne za su raka shi gidan mamaci su ba da haƙuri, shi ke nan. Wannan giɓin ne takardar dole ke ƙoƙarin toshewa, ko da lissafinta ba lissafin diyya ba ne, domin ita da mafi ƙarancin albashin ƙasa take awo.

Na san za a ce: ai malamai sun haramta asiransi. Ba zan ɓoye maku saɓanin ba. Tun Ibnu Abidin, malamin Hanafiyya na Dimashƙa wanda ya rasu a 1836, ya yi magana a kan kuɗin da fatake ke biya domin lamunin kayansu a jirgin ruwa, bai halatta karɓar ramuwar ba a ƙasar Musulunci. A watan Disamba na 1985, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda ta yanke cewa asiransin kasuwanci akwai garari mai yawa a cikinta wanda ke ɓata ciniki, domin kana biyan sananne ka sayi abin da ba ka san ko zai zo ba, ta kuma ce madadinta shi ne asiransin taimakon juna wadda anka gina a kan kyauta. A ɗaya gefen akwai manyan malamai irin Shaihu Mustafa Zarƙa na Sham, wanda ya rasu a 1999, da sunka halatta ta, suna kafa hujja da tsarin aƙila ɗin nan da munka ambata. Wannan saɓani yana da ƙarfi ga asiransin da mutum ya zaɓa da kansa. Amma wadda hukuma ta tilasta, da yawa daga waɗanda sunka haramta ma sun ce babu laifi a kan wanda ya biya. Ni abin da na natsu da shi ya ɗara haka kaɗan. Mutumin da ya san ba ya da abin biyan ko karayar yatsa, kuma ba ya da dangin da za su biya mashi, sa'an nan ya hau babur ya shiga cikin jama'a babu takarda yana cewa tsantseni ne, to tsantseninsa a kan wuyan wasu yake yin sa. Kuma abin mamaki, mai wannan tsantsenin shi ne za ka ga yana miƙa ɗari biyar a dunƙule a bakin shinge don a bar shi ya wuce, alhali babu saɓani ko kaɗan a kan haramcin rashawa.

Mu koma ga saurayinmu da cinyarsa da kaskensa. Jikin mahayi yana da tasa yarjejeniya daban, wadda ake ƙari a kan kuɗin dole kafin a same ta, kuma tana da iyakar abin da take biya na magani ko naƙasa ko mutuwa. Babur shi ma da tasa: ta sata, ta gobara, ta lalacewa. Kayan jiki kuwa, wato kaske, da safar hannu, da riga mai kauri, da takalmi, sun fi kowa zama a waje. A ƙasashe irin Faransa, inda safar hannu ta zama dole ga mai babur tun 2016, kamfanoni na sayar da lamunin waɗannan kaya a matsayin ƙari, su sa mashi iyaka, su nemi resin saye, su kuma rage kuɗin tsufa. Saboda haka kada sunan yarjejeniya ya ruɗe ka, ko da an ce maka ta dukkan haɗurra ce. Ka ce a nuna maka layin da anka rubuta jikinka, da layin da anka rubuta kayanka, da adadin da ke gaban kowane, da kason da za a bar maka ka ɗauka da kanka. Abin da ba a rubuta ba, ba a sayar maka ba. Duk waɗannan na zaɓi ne, a nan ne saɓanin malamai ke aiki sosai, kuma wanda ya bar su don tsoron Allah ba a zarginsa.

Akwai hali ɗaya da ake biyan mahayi da kayansa ba tare da wannan ƙari ba, shi ne idan wani abin hawa ne ya buge shi kuma laifin na wancan ne. A nan kai ne «wani» ga takardarsa, sai ta biya maganinka, da gyaran babur, da abin da ya lalace a jikinka in ka kawo shaida. Idan laifin rabi da rabi ne a rage maka gwargwadon naka, idan naka ne duka ka tashi a tutar babu. Mai tafiya a ƙasa da wanda anka goya ba haka suke ba: ana biyan raunin jikinsu ko da sun yi sakaci, sai fa wanda ya jefa kansa da gangan.

Bari in ɗan tsaya a kan kaske, hular kwano, domin da ita ce wannan saurayi ya iso ni da ƙafarsa maimakon a kawo mani shi a makara. Yana baƙin cikin ba a biya shi kuɗinta ba. Ni kuwa da na ga yadda ta tsage sai na ce mashi ta riga ta biya ka. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma abin da ya fi kashe masu babur shi ne bugun kai. Amma har yanzu akwai mai cewa ajali in ya zo hula ba ta tsare shi. Gaskiya ne. Sai dai Imamu Malik ya ruwaito cikin Muwaɗɗa cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya shiga Makka shekarar buɗe ta da kwalkwali a kansa, kuma an ruwaito ranar Uhudu sulke biyu ya haɗa. Wa ya kai shi sanin ƙaddara? Wa ya kai shi tawakkali? Kakanninmu ma da sunka hau dawaki a Gobir da Katsina da Damagaram, da lifidi da kwalkwali sunka hau, ba wanda ya ce masu imaninsu ya yi rauni. Kuma ku sani, abin da ke tsare kai ba kwanon waje ba ne kaɗai, farin soson nan ne mai tauri da ke ciki, wanda ke murƙushewa ya shanye bugu. Sau ɗaya yake wannan aiki. Kasken da ya taɓa bugun ƙasa da ƙarfi ya gama nasa ko da waje bai nuna ba, shi ya sa sayen na hannu a kasuwa sayen abin da ba a san cikinsa ba ne. Wanda ba a ɗaure igiyarsa a haɓa ba yana riga mai shi faɗuwa. Wanda anka rataye a kan babur, babur yake tsarewa. Su kuma masu babbar riga, da mata masu dogon hijabi, a tattare kafin a tashi. Duk mun san abin da taya ke yi ma tufa in ta kama ta.

Sai maganar gaskiya, wadda ita ce ta fi damuna a matsayina na limami. Ranar yankan takarda ana tambayarka aikin da babur zai yi. Na zuwa aiki da cefane kuɗinsa daban, na ɗaukar mutane da kuɗi nasa daban, domin haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Da yawa sai su ce na gida ne don a rage masu. Wannan ƙarya ce a cikin ciniki, kuma doka ta ce wanda ya ɓoye gaskiya da gangan yarjejeniyarsa ta ɓaci, kuɗin da ya biya kuma ba a mayar mashi. Ka yi zunubi, ka yi asara, ka kuma goya bayin Allah suna zaton akwai abin da ke bayansu. Wanda ya ba yaro maras parmi babur, ko ya loda mutum huɗu da rago a kan sirdi ɗaya, ya sani kamfani na iya biyan wanda ya ji rauni sa'an nan ya juyo kansa ya nemi kuɗinsa. Wanda ya sayi babur na hannu kada ya dogara ga takardar tsohon mai shi, domin tana tsayawa bayan kwana 5 da ciniki. Tun 2011 kuma ƙa'ida ita ce sai an biya lamuni ke farawa, babu bashi. Ka karɓi resi ka adana. Masu buga takardun jabu da masu sayensu suna sane, da masu canza sunan wanda ke tuƙi bayan haɗari ya auku, waɗannan ba su buƙatar dogon bayani: shaidar zur ce, kuma tana cikin manyan zunubai.

Idan abin ya auku, Allah ya kiyaye, kada ka gudu ka bar mutum kwance. In ka ji tsoron taron jama'a, ka nufi ƴan sanda ko jandarma kai tsaye. Ku kuma jama'a ku ji tsoron Allah, duka ba ya ɗora karaya. A kai mai rauni likita, a kira hukuma ta yi konsta, domin wannan rubutun nata shi ne tushen duk abin da zai biyo baya. Ka sanar da kamfani da wuri. Wa'adin yana rubuce cikin yarjejeniyarka, doka ba ta yarda ya kasa kwanakin aiki 5 ba, in sata ce kuwa awa 48 ne. A adana takardar likita da resin kowane magani. Ban hana kowa zuwa wurin mai ɗori ba, muna da gwanaye, amma mai ɗori ba ya rubuta takarda, kuma mutane da yawa sun rasa haƙƙinsu don sun wuce can tun daga bakin hanya.

Yanzu ga ku dangin wanda anka buge. Muna da wata ɗabi'a wadda asalinta kyakkyawa ne: ana zuwa gaisuwa sai babban gida ya ce mun yafe, ƙaddara ce, mu ba mu cin kuɗin jini. Yafiya alheri ce, Alƙur'ani ya kira ta sadaka. Amma wa ke da ikon yafewa? Diyya dukiyar magada ce, ana raba ta kamar yadda ake raba gado. Baligi mai hankali yana iya yafe rabonsa. Rabon maraya kuwa, babu baffa, babu kawu, babu mai unguwa, babu limami da ke da ikon yafe shi don a ce gidansu gidan mutunci ne. Na sha ganin wanda ya yafe da bakinsa a gaban jama'a, wata uku bayan haka matar mamacin tana wankau, yaran sun bar makaranta sun ɗauki talla, shi kuwa ko tiya ɗaya ta gero bai aika ba. Allah da kansa ya sa ma wannan dukiya suna ya ce a miƙa ta, don me za mu ji kunyar abin da Allah bai ji kunyar hukuntawa ba? Wanda anka zalunta yana karɓar haƙƙinsa daga duk wanda ya tsaya ya biya a madadin mai laifi, ba ruwansa da yadda sunka ƙulla a tsakaninsu. Idan kuɗin sunka fito, a zo ga malamai a tantance rabon kowa, domin yadda doka ke kasa su ba koyaushe yake dacewa da rabon gado ba.

Kai kuma da rai ya fita ta hannunka, kamfani ya biya ko bai biya ba, kaffara tana wuyanka. Tunda babu bawan da za a ƴanta, azumin wata biyu ne a jere, kuma a mazhabarmu ciyarwa ba ta tsayawa a madadinsa. Babu ofishin da ke sayar da takardar wannan.

Abin da majalisar Jidda ta yi nuni gare shi, wato takaful, ba mafarki ba ne. Sudan ta buɗe kamfanin farko irin wannan a 1979, Maleziya ta yi mashi doka a 1984, ita ma CIMA ta fitar da ƙa'idojinsa a 2019. Asalinsa kowa ya zuba da niyyar kyauta, wanda masifa ta faɗa ma a ɗiba a ba shi, abin da ya saura na masu zubi ne. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya yaba ma Ash'ariyyawa saboda idan guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage wuri ɗaya su raba daidai. Mu ma mun san gayya, mun san gudummawa. Ƴan kabu-kabu na kowace tasha suna da shugaba, suna da zubi. Ba abin da zai hana su ware asusu na musamman, da littafi da amintattu biyu ko uku, domin abin da takardar dole ta bari a waje: karayar mahayi, abincin iyalinsa kwanakin jinya, da sabon kaske ga wanda nasa ya fashe. Wannan asusu ba ya maye gurbin takardar hukuma, ba ya kuma iya ɗaukar diyya.

Saurayin nan yana samun sauƙi, dattijon ma haka, sai dai har yanzu akwai bashin magani a kansa, kuma za a zagaya da faranti dominsa bayan sallar Juma'a. Ranar Asabar bayan la'asar kuma, dattijon da ya taimake ni karatun takardar ya yarda zai zauna a zauren masallaci. Duk mai babur ya zo da tasa, a karanta mashi da Hausa abin da ke ciki da ranar da take ƙarewa. Shugabannin tasha su zo da littafin zubinsu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.